Filin Tambayoyin Lafiya: Kafaɗata Ta Ƙage, Ko Ɗankwali Ba Na Iya Ɗaurawa

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga Zariya, kuma dukkansu a kan ciwon kafaɗar da ke hana hannu motsi.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar makarantar firamare ce a Tudun Wada, shekaruna 52. Wata biyar ke nan da kafaɗata ta hagu ta fara ciwo, alhali ban faɗi ba, ban kuma bugu ba. Da farko cikin dare kawai take damuna, ba na iya kwanciya a kanta. Yanzu kuwa hannun ba ya ɗaguwa sosai, ba na iya ɗaura ɗankwali ko kai hannu bayana in gyara zani sai 'yata ta taimaka mini. An yi mini hoton ƙashi an ce babu komai. Na sha haɗin kemis, an yi mini ƙaho, wata maƙwabciyata kuma ta ce sanyi ne ya kama jijiya, in bari a ja mini hannun da ƙarfi zai saki. Wane irin ciwo ne wannan, kuma yana warkewa?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ba zan yanke hukunci a kan kafaɗar da ban duba da hannuna ba, amma abubuwan da kika zayyana, wato shekarunki, da yadda ciwon ya taso haka kawai, da tsanantarsa cikin dare, da yadda motsin hannun ya yi ta raguwa har ya daina kaiwa baya, sannan ga hoton ƙashi ya fito lafiya lau, duk sun yi daidai da ciwon ƙagewar kafaɗa. Yana warkewa ga mafi yawan waɗanda ya kama, sai dai yana cin lokaci, yawanci daga shekara ɗaya zuwa uku. Abin da na fi so ki riƙe shi ne cewa ciwon mataki-mataki yake tafiya, kuma maganin da ya dace da shi a wata na biyar dabam yake da wanda ya dace da shi a wata na goma sha biyar. Yawancin wahalar da mutane suke sha a kansa daga rashin sanin wannan take tasowa.

Babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa a jikin mutum. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, yana zaune a wani ɗan gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa, sannan wata jaka ta tantani mai laushi ta lulluɓe su. Jakar tana da yalwa, har takan naɗe a wajen hammata idan hannu yana sauke, ta buɗe idan an ɗaga shi. A wannan ciwo jakar ce take kumbura, daga nan ta yi kauri, ta taurare, ta takure kamar ɗanyar fatar da aka bari ta bushe, har ƙashin ya rasa sararin juyawa a cikinta. Ƙashin kansa lafiyarsa ƙalau, kuma hoton ƙashi ba ya nuna tantani, shi ya sa aka ce miki babu komai. Wanda ya ɗauki hoton bai yi kuskure ba, ke ma ba raki kike yi ba. Likitoci sun daɗe da sanin ciwon, domin wani likitan Faransa mai suna Duplay ya yi bayaninsa tun 1872, kuma a 1934 wani likitan Amurka, Codman, ya siffanta shi da cewa yana da wuyar fayyacewa, da wuyar magani, da wuyar bayani. Yakan kama mutum biyu zuwa biyar cikin ɗari, galibi masu shekara 40 zuwa 60, kuma mata sun fi maza kamuwa.

Da hannu ake gane shi, ba da na'ura ba. Likita zai ce ki ɗaga hannun da kanki, sannan ya ce ki saki jiki shi ya ɗaga miki. Idan jijiyoyin da ke ɗaga kafaɗa ne suka yage ko suka kumbura, ke za ki kasa, amma shi zai iya kai hannun sama. Idan kuwa jakar ce ta takure, ko shi ya ɗaga, a wuri ɗaya hannun zai cije. Akwai gwajin da za ki iya yi a ɗakinki: ki manna gwiwoyin hannuwanki biyu da haƙarƙarinki, ki lanƙwasa hannuwan su miƙe gabanki, sannan ki buɗe su waje, ɗaya dama ɗaya hagu, ba tare da gwiwar ta rabu da jiki ba. Lafiyayyen hannun zai buɗe sosai, mai ciwon kuwa zai tsaya tun bai yi nisa ba. Wannan juyawa zuwa waje ita ce motsin da ciwon ya fi tauyewa.

Matakin farko shi ne na zafi, kuma yakan ɗauki wata biyu zuwa tara. Ciwon ne yake gaba, taurin yana biye da shi a hankali. A wannan lokaci ne mutum zai miƙa hannu ba shiri, ya ce zai tare wani abu da ke faɗuwa ko ya ɗauko abu a bayansa, sai wani zafi ya soke shi har ya durƙusa riƙe da damtse na ɗan lokaci. Mataki na biyu shi ne na tauri, wanda zafi yake lafawa, barci ya dawo, amma hannun ya tsaya cak, kuma yakan kai wata huɗu zuwa shekara guda. A mataki na uku jakar takan fara saki da kanta, motsi yana dawowa kaɗan-kaɗan cikin wata shida zuwa shekara biyu. Matakan suna shiga cikin juna, babu ranar da za a ce yau wannan ya ƙare wancan ya fara. Ya kamata kuma in gaya miki gaskiya cewa wasu mutane sukan saura da ɗan tauri ko ɗan ciwo bayan shekaru, ko da yake galibi ba ya hana su harkokinsu. Bisa ga bayaninki, kina cikin matakin zafi, kin doshi na tauri.

Saboda haka ina roƙonki kada ki yarda a ja miki hannun nan da ƙarfi. Maƙwabciyarki alheri take nufi, amma tantanin da yake a kumbure, fizga ƙara masa kumburi take yi, kuma mai ja da ƙarfi yana iya yaga jijiya, ko ya gusar da gaɓar, ko ma ya karya ƙashin damtse, musamman ga macen da ta daina al'ada, wadda ƙashinta ya fara rage ƙwari. Ko a asibiti ma an gwada an gani. A wani bincike da aka buga a 2004 daga ƙasar Holan, an bi marasa lafiya 77 har shekara biyu: waɗanda aka bar su suna motsa hannu iya inda zafi ya ba su dama sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka riƙa miƙe musu kafaɗa da ƙarfi har a wuce iyakar zafi. Ɗaya kuskuren kuma shi ne kishiyar wannan, wato a rataye hannu a wuya ko a naɗe shi a jiki don gudun ciwo, wanda shi kuma yake gaggauta taurin. Abin da ake so yana tsakani: a riƙa amfani da hannun kullum a ayyukan da yake iyawa, a tsaya inda zafi mai suka ya fara.

Ƙaho da tsaga a fata suke tsayawa, jakar kuwa tana can ciki ƙarƙashin tsoka, don haka ba na ganin za su kai gare ta. Sanyi ma ba shi ne musabbabin ciwon ba, ko da yake mutane da yawa sun fi jin jiki a lokacin hunturu, kuma ɗumi yana sassauta musu.

Aikin farko a matakin da kike shi ne a kashe zafin har ki samu barci. Farasitamol shi ne mafari. Idan bai isa ba akan ƙara da irin su ibufurofen ko dikulofenak na ɗan lokaci, bayan an ci abinci, amma waɗannan suna da illa ga mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai hawan jini, kuma ba a haɗa biyu daga cikinsu a sha tare. A nan ne haɗin kemis yake tayar mini da hankali. Sau da yawa ƙullin nan na ƙwayoyi huɗu ko biyar da ake bayarwa ba suna yakan ƙunshi magungunan kashe zafi iri ɗaya har biyu, tare da ƙwayar sitiroyid, wato maganin rage kumburi mai ƙarfi, irin su firedinisolon ko dekisametason. Mutum zai ji daɗin jikinsa kwana biyu, sai ya koma ya ƙara saye, a haka har wata da watanni, kuma ƙarshen abin shi ne gyambon ciki mai zubar da jini, ko kumburin fuska, ko tashin suga da hawan jini, ko lalacewar ƙoda. Ki daina shan duk maganin da ba ki san sunansa ba. Idan kuma kin shafe makonni kina shan haɗin kullum, kada ki yanke shi dare ɗaya, ki ɗauki ƙullin ki kai wa likita ya ga abin da ke ciki, domin sitiroyid a hankali ake janye shi.

Idan zafin dare ya ƙi lafawa, abin da ya fi taimakawa a wannan mataki shi ne allurar sitiroyid a cikin gaɓar kanta, wadda na yi bayaninta a amsa ta biyu. Wajen kwanciya kuwa, ki kwanta a kan lafiyayyen ɓangaren ki rungume matashi, hannu mai ciwon ya hau kansa, ko ki kwanta rigingine ki sa ƙaramin matashi ƙarƙashin damtsen don kada gwiwar hannun ta faɗa baya.

Game da motsa jiki, ki nemi a tura ki sashen gashin ƙashi, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, domin a koya miki atisayen da ya dace da matakinki. Zuwa asibiti sau ɗaya ko biyu a mako ba shi ne maganin ba, abin da kike yi a gida kullum shi ne. Ki fara da gasa kafaɗar da tawul da ruwan ɗumi kamar minti goma. Sannan ki dafa tebur da lafiyayyen hannun, ki sunkuya, ki saki mai ciwon ya yi reto, ki riƙa kaɗa shi gaba da baya da kewaye a hankali, nauyinsa ne zai yi aikin. Bayan haka ki fuskanci bango, ki ɗora yatsunki a kansa daidai ƙirji, ki riƙa tafiya da su sama har inda kika ji jan ya fara, ki tsaya ki ƙirga goma, ki sauko. Tunda alli yana hannunki kullum, ki ja layi a inda yatsun suka tsaya, ki sake ja bayan kowane wata, domin ci gaban wannan ciwo ba a ganinsa daga yau zuwa gobe, kuma layin nan shi zai hana ki karaya. Idan zafin ya lafa kin shiga matakin tauri, sai a ƙara da riƙe sanda da hannu biyu, lafiyayyen yana tura mai ciwon waje, da kuma saƙalo ɗankwali ta bayan wuya, lafiyayyen hannu a sama yana jawo mai ciwon daga ƙugu zuwa tsakiyar baya. A wannan lokacin ne miƙewa mai ɗan ƙarfi take da amfani. Ma'aunin kuwa ɗaya ne a kowane mataki: jan da ya lafa jim kaɗan bayan an gama ba laifi, amma wanda ya kwana da ke ko ya hana ki barci ya nuna an wuce gona da iri, sai a rage washegari.

Wajen sa riga, hannu mai ciwo ake fara zurawa, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. A kabbarar salla ki ɗaga hannun iya inda ya kai, malamai sun yi bayanin sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya.

Saura abu guda da ba na so ki ɗage: ki je a gwada miki suga, ko da ba ki taɓa jin alamarsa ba. Ciwon suga shi ne babban abin da aka sani yana tafiya tare da ƙagewar kafaɗa, kuma akwai waɗanda ta dalilin kafaɗa aka fara gano suna ɗauke da shi. Idan kina da kumburin maƙoshi, ko kasala da ƙiba ko rama marasa dalili, a duba miki ƙwayar maƙoƙo, domin matsalarta ma tana cikin abubuwan da ke jawo shi. Idan kuma kika ga zazzaɓi tare da kumburi da zafin fata a kafaɗar, ko gumin dare da rama, ko ƙullutu a nono ko hammata, ko ciwon yana sauka har yatsu da dindiris, to wannan wani abu ne dabam, a koma asibiti da wuri. Ciwon kafaɗar hagu da ya taso farat ɗaya tare da nauyin ƙirji, da gumi, da sarƙewar numfashi, na zuciya ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma ba a kwana da shi a gida.

Tambaya ta biyu

Likita, barka da aiki. Mahaifina yana da shekara 60, yana fama da ciwon suga shekara 12. Shekara uku da suka wuce kafaɗarsa ta hagu ta ƙage, ta daɗe kafin ta saki, yanzu kuma ta dama ta kama, har ba ya iya saɓa babbar riga. Likitansa ya ce a yi masa allura a cikin gaɓar, amma 'yan'uwa sun hana, sun ce tana cinye ƙashi kuma tana tayar da suga. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani ɗalibi a Samaru.

Amsa

Allah ya saka maka da alheri da kulawar da kake yi wa Baba, ya ba shi lafiya. Abin da ya same shi sananne ne. A cikin masu ciwon suga, kusan mutum goma zuwa ashirin cikin ɗari sukan gamu da ƙagewar kafaɗa, kuma tasu ta fi tsanani, ta fi daɗewa, ta fi kuma yawan tsallakawa zuwa ɗaya kafaɗar. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne sugan da ya daɗe yana yawo a jini yakan manne wa zaruruwan da aka saƙa tantanin da su, ya sa su yi tauri. Abin da zai kwantar muku da hankali shi ne ba kasafai ciwon yake komawa kafaɗar da ya riga ya saki ba.

Maganar 'yan'uwa tana da ƙamshin gaskiya a ɓangare guda. Allurar tana ɗauke da sitiroyid haɗe da maganin kashe zafi, kuma gaskiya ne tana tayar da suga, yawanci daga ranar farko zuwa 'yan kwanaki, wani lokaci har mako guda ko fiye. Amma wannan abu ne da ake shirya masa. Kafin allurar a yi gwajin nan da ke nuna matsakaicin sugan wata uku, idan ya yi sama sosai likitoci da yawa sukan ɗage allurar har a daidaita shi. Bayan an yi ta kuma a riƙa auna suga a gida safe da yamma na tsawon mako guda ko biyu, a kiyaye abinci, a kuma tambayi likitan tun kafin a bar wurinsa adadin da idan an gani za a dawo, da yadda za a yi da magani ko insulin a waɗannan kwanaki. Yawan ƙishirwa, da yawan fitsari, da amai, ko ruɗewa, duk dalilai ne na komawa asibiti nan take.

Batun cinye ƙashi kuwa, abin da ke raunana ƙashi shi ne shan sitiroyid na tsawon watanni, ko maimaita allurar barkatai a gaɓa ɗaya. Allura guda da ƙwararre ya yi, ko biyu da tazara a tsakaninsu, ba ta cikin wannan. Abin da ke ba ni takaici shi ne gidan da ake tsoron allura ɗaya a asibiti, sau da yawa a cikinsa ne za ka tarar ana shan sitiroyid kullum a ƙullin kemis ba tare da an sani ba.

Ku kuma san iyakar amfaninta. Tana rage zafi da kumburi, kuma tasirinta ya fi bayyana a makonnin farko zuwa kamar wata uku, musamman idan an yi ta tun ciwon yana matakin zafi. Ba ta warware jakar da ta riga ta taurare, don haka idan Baba ya wuce lokacin zafi, tauri kawai ya rage, amfaninta kaɗan ne. Ribarta ita ce ta ba shi barci, ta kuma ba shi damar yin atisaye, saboda haka a shirya gashin ƙashi ya biyo bayanta cikin 'yan kwanaki. Kafaɗar tana iya ƙara ciwo kwana ɗaya ko biyu bayan allurar, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma zafin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu tare da zazzaɓi da kumburi yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar. Hakan ba ya yawan faruwa, sai dai idan ya faru yana da haɗari, kuma mai suga ya fi kowa zama cikin wannan haɗari. Shi ya sa ba a yin wannan allura a kemis ko a gida, sai a asibiti, a hannun wanda ya san hanyar gaɓar, wasu ma da na'urar sikanin suke duba inda allurar take shiga. Idan sugan Baba yana kan hanya kuma zafin yana hana shi barci, ni ina goyon bayan shawarar likitansa. Wajen gasa kafaɗar kuma, wani ya fara taɓa ruwan, domin mai daɗaɗɗen suga yana iya ƙonewa bai ji ba.

Tambaya ta uku

Likita, ni tela ne a Sabon Gari, shekaruna 45. Na faɗi a kan babur na karye a tsintsiyar hannu, aka yi mini ɗori, hannun ya yi wata biyu a rataye a wuya. Karayar ta warke, amma kafaɗar ta ƙage, yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan, ba na iya shimfiɗa yadi a tebur in yanka yadda na saba. An ce mini sai dai tiyata. Shin babu wata hanya?

Amsa

Sannu, Malam, Allah ya kiyaye gaba. Taka ƙagewar tana da sanadi, wato daɗewar da hannun ya yi ba motsi, kuma irin haka take faruwa bayan tiyatar ƙirji ko nono, ko bayan shanyewar ɓarin jiki. Duk wanda aka rataye wa hannu saboda karayar da ba a kafaɗa take ba, ya kamata a riƙa zare masa ratayar kullum yana motsa kafaɗa da gwiwar hannu da yatsu, kuma da ma masu ɗori za su riƙa faɗa wa mutane wannan da an rage irin matsalarka da yawa.

Ba ka ambaci hoton kafaɗa ba, kuma ga wanda ya faɗi wannan shi ne farkon abin yi. Faɗuwar da ta karya tsintsiyar hannu tana iya gusar da kafaɗa ta baya, ko ta tsaga kan ƙashin damtse, ba a lura ba saboda hankali yana kan karayar, kuma gocewar da ta daɗe tana hana juya hannu waje daidai yadda ƙagewa take hanawa. A ɗauki hoton ta fuska biyu, domin ta fuska ɗaya ana iya kuskure gocewar baya. Hoton zai kuma nuna zaizayewar gaɓa, ko mutuwar kan ƙashi da ke samun masu sikila. Idan ana zargin yagewar jijiya, sai a ƙara da sikanin ko hoton MRI, wanda ke nuna tsoka da jijiya.

Idan an tabbatar jakar ce kawai ta takure, tambaya ta gaba ita ce ko ka taɓa yin gashin ƙashi na sosai, kullum, har wata uku zuwa shida. Idan ba ka yi ba, da shi za a fara. Idan ka yi bai yi ba, akwai hanyoyi uku. Ta farko ita ce a ɗura ruwan gishiri na asibiti tare da sitiroyid a cikin gaɓar har jakar ta buɗe, ba a sa mutum barci, sai dai ba kowane asibiti ke yi ba. Ta biyu ita ce a sa ka barci, tsokoki su saki gaba ɗaya, likitan ƙashi ya juya hannun bisa tsari har jakar ta yage. Wannan ya sha bamban da jan hannu a gida, domin an ga hoton ƙashin tukuna, jiki ba ya turjiya, mai yin kuma ya san jerin motsin da zai bi, amma duk da haka akwai ɗan haɗarin karaya ko yagewar jijiya, kuma akan guje mata ga mai raunin ƙashi. Ta uku ita ce tiyatar da ake huda ƙananan ƙofofi, a zura kyamara, a yanke jakar inda ta yi kauri.

An gwada waɗannan hanyoyi a Birtaniya a wani babban bincike da aka buga a 2020, inda aka raba marasa lafiya 503 gida uku: gashin ƙashi tare da allura, da juya hannu cikin barci, da tiyatar kyamara. Bayan shekara guda dukkansu sun samu sauƙi sosai, kuma babu hanyar da ta yi wa sauran fintinkau. Tiyatar ta fi tsada da haɗari, amma waɗanda aka yi wa ita sun fi ƙarancin bukatar ƙarin magani daga baya, juya hannu cikin barci kuma shi ya fi dacewa da kuɗin da aka kashe. Binciken a kan waɗanda ciwon ya taso musu haka kawai aka yi shi, ƙagewar da ta biyo bayan rauni kuwa takan fi taurin kai, don haka mai irin sana'arka da ya shafe shekara ɗaya da rabi yana da hujjar zama da likitan ƙashi a tattauna, ko a Shika ko a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Idan kun tsayar da shawarar yin aikin, ka shirya gashin ƙashi tun kafin ranar, ka san wanda zai yi maka da kuɗin zuwa da dawowa, domin a cikin kwanakin farko ake fara motsa hannun, a ci gaba har makonni shida zuwa goma sha biyu, in ba haka ba jakar takan sake haɗewa. Ka kuma zaɓi lokacin da ba na ɗinkin salla ba, yadda za ka iya barin yanka da ɗaga kaya masu nauyi ga yaran shago na waɗannan makonni.